Mufida da Katin Hussaini

Mufida ba ta iya jin an yi kuskure a gabanta ta yi shiru ba. Haka take tun tana ƙarama, kuma ba ta taɓa ɓoye halin ba. In ka ce abu ya faru ranar Talata alhali Laraba ce, sai ta gyara maka, ko da a zaman makoki ne. Ubanta, ƙanena Yahya, direba ne a hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Wata rana yana ba baƙi labarin yadda motarsa ta lalace a Ɗan Issa, sai ta leƙo daga bayan ƙofa ta ce ba a Ɗan Issa ba ne, ba su kai ba tukuna. Ya mare ta. Ta gama kukanta, ta share fuska, ta dawo ta ce masa har yanzu dai ba su kai ba. Abin haushi da Mufida shi ne yawanci ita ce da gaskiya, shi ya sa ba ta taɓa ganin dalilin dainawa ba.

Ni gwaggonta ce. A ɗakina ta tashi a nan Magama bayan rasuwar uwarta, don haka na san abin da nake faɗa.

Ta yi sakandare, ta tafi Katsina ta yi digiri, ta dawo ta zauna babu aiki. Lokacin ne 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan da ke bayan Riko da Farfaru, mutane suka yi ta kwararowa cikin gari da tabarmi da tukwane. Bayansu ƙungiyoyin agaji suka zo da fararen motoci. Suna neman mace mai jin Turanci wadda za ta iya shiga cikin mata, sai aka nuna musu Mufida. Ta yi musu tafinta na ɗan lokaci. Kullum in ta dawo rai a ɓace yake.

"Gwaggo, matar ta ce mijinta ya tafi cirani, sun rubuta ya gudu ya bar ta."

"To ina ruwanki? Ke dai an ce ki fassara."

"Na fassara daidai. Su ne suka rubuta ba daidai ba."

Ta gyara musu sau ɗaya, ta gyara sau biyu, suka daina kiranta. Daga nan ta nemi karatun digiri na biyu a Zariya. Na tambaye ta karatun mene ne. Ta ce karatu ne a kan yadda agajin ƙasashen waje yake shiga rayuwar mutane, da abin da masu kawo shi suke zaton yana yi, da abin da yake yi in ya iso. Ta ce ba a yin sa da takardar tambayoyi. Zama ake yi da mutane wata da watanni, a ci abin da suke ci, a saurara.

"Wato karatun gulma," na ce.

"Gulma mai ƙa'ida," ta ce. Ƙa'idar kuwa ita ce ba a faɗin sunan kowa. Malaminta, wani Dakta Shawulu, ya ja mata kunne a kan wannan: duk wanda ya ba ta labari, ta canza masa suna kafin ta rubuta.

Da ta gama shekarar aji ta dawo gida yin binciken. Akwai wani kango a bayan tasha, ginin da mai shi ya kai linta ya bari. Matan da aka koro daga ƙauyuka sun cika shi da 'ya'yansu, sun raba ɗakunan da buhuna. Can Mufida take wuni. Da farko sun zaci sunaye take rubutawa na tallafi, suka yi ta kawo mata 'ya'ya tana cewa ba ta da komai. Da suka gaji suka bar ta, tana tsince musu wake suna hira a kanta.

A nan ta san Fati. An kashe mijin Fati a gona tana da ciki, ta haihu a kangon, tagwaye maza, Hassan da Hussaini. Nono bai ishe su ba. Kafin su shekara duk biyun sun kamu da tamowa. Akwai wata ƙungiya da ke da rumfa kusa da asibiti, suna ɗaura wa yaro wani zare mai launi a dantse don auna ramarsa. In ya faɗa ja sai a yi masa kati, duk mako uwa ta karɓi 'yan ledojin kwaɓin gyaɗa da madara, wanda kowa ke kira abincin tamowa. Yaro in ya samu yana tashi. In bai samu ba, mun sha ganin inda abin yake ƙarewa.

An auna tagwayen, duk biyun ja. Aka sa Hassan a na'urar rajistar da ƙungiyar ke yin kati da ita, ta karɓa. Aka zo kan Hussaini ta ƙi. Uwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai na'urar ta ɗauka yaro ɗaya ake so a rubuta sau biyu. Ma'aikaciyar da ke riƙe da na'urar ta ce za ta kai maganar sama. Fati ta jira, tana raba rabon yaro ɗaya ga biyu, babu wanda ya tashi a cikinsu.

Fati tana da inna da ke aure a wani ƙauye kusa da Ɗan Issa, a tsallaken boda, kuma ƙungiyar nan tana da rumfa a can ɓangaren ma. Sai ta goya Hussaini, ta bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki don kada jandarma su tambaye ta takarda, ta kai shi aka rubuta shi a matsayin jikan innar, haifaffen can. Daga nan duk mako sai ta bar Hassan a hannun Bilki, matar da ɗakinsu yake jingine da nata kuma wadda matan kangon suke jin maganarta, ta tsallaka ta karɓo rabon Hussaini. Yaran suka fara cika. Duk kangon an sani, har ana wasa da abin. Bilki in ta ɗauki Hussaini sai ta kira shi da sunan da ake kiran 'yan can ɓangaren, ta ce, "Ɗan Faransa, an dawo? Mi ka kawo mana na tsaraba?"

Babu wadda ta taɓa kai maganar wajen ma'aikata. A wajen matan nan, abin da aka sani a cikin kango ba ya fita ƙofar kango.

Fati da kanta ta ba Mufida labarin dalla-dalla. Ta tambaye ta, "Sunana ba shi hitowa ko?"

"Ko kusa. Na sa miki Ummu Salma."

Fati ta yi dariya ta ce sunan ya fi nata daɗi.

Mufida ta dawo gida ranar tana rawar jiki. Ta ce wannan labarin shi ne zuciyar binciken nata: na'ura tana ƙirga yara bisa ƙasa da lamba, uwa kuwa tana ƙirga bakin da za ta ciyar. Ta rubuta babi guda a kansa, Dakta Shawulu ya karanta ya yaba.

Sai manyan ƙungiyar suka zo ziyara daga hedikwata. Aka kafa rumfa a harabar wata firamare, aka gayyato matan kango, da tsofaffi irina don a cika kujeru. Ranar ta faɗo ranar tsallakawar Fati, ba ta nan; Hassan yana cinyar Bilki. Shugaban rumfar Jibiya, Malam Badaruddeen, shi ya tashi yin bayani. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai tsoron manyansa, kuma ranar manyansa suna zaune a gabansa.

Ya yi ta lissafa nasarori. Can sai ya ce, "Tun da muka kawo na'urar nan, babu yaro ko ɗaya da ya cancanta ya tafi babu kati."

Ina kusa da Mufida. Na ga ƙafarta ta fara motsi. Na damƙe gefen hijabinta na ce, "Ke, zauna." Ta zare hijabin daga hannuna ta miƙe.

Ta yi maganar da Turanci, sannan ta maimaita da Hausa, don Mufida ba ta barin abu rabi. Ta ce maganar Malam ba daidai ba ce. Ta ce akwai wata mata, za ta kira ta Ummu Salma amma ba sunanta ba ne, mai tagwaye maza, na'ura ta karɓi ɗaya ta ƙi ɗaya, har sai da uwar ta tsallaka boda ta rubuta na biyun a can kafin ya samu abinci. Ta ce ba uwar ce da laifi ba, na'urar ce, a gyara ta.

Na juya na dubi layin matan kango. Babu wadda ta dubi wata. Duk ƙasa suke kallo. Bilki ta ja mayafi ta rufe fuskar Hassan kamar rana ce ta dame shi.

Babbar baƙuwar ta rubuta wani abu, ta gode wa Mufida da murmushi. A hanyar gida Mufida cewa take, "Kin gani, Gwaggo? Sun rubuta. Za su gyara."

"Kin san abin da suka rubuta?" na ce.

Abin da suka ji ba shi ne abin da ta faɗa ba. Ita ta ce na'ura ta ƙi yaro. Su sun ji cewa matan Jibiya suna tsallaka boda suna rubuta 'ya'ya da asalin ƙarya. Ranar rabo ta zo, mata suka tarar da rumfa a rufe. Aka ce an dakatar da duk katunan unguwar tasha sai an yi tantancewa. A can Ɗan Issa ma aka dakatar da yaran ƙauyukan bakin boda. Fati ta tsallaka ta dawo hannu wofi.

Da hantsi Bilki ta shigo gidana da mata a bayanta, ko zama ba su yi ba.

"Gwaggo, ina ɗiyarki?"

Mufida ta fito da kanta. Ta ce, "Yaya Bilki, ban faɗi sunan kowa ba. Kowa shaida ne."

"Ba ki hwaɗi suna ba." Bilki ta tafa hannu. "Jama'a ku ji, ba ta hwaɗi suna ba! Ke Malama, mu nawa ne masu goyon tagwaye a kangon nan? Kin canza mata suna, kin canza wa tagwayen? Ko kin mai da su ɗaya?"

"Ma'aikatan ba su san ko wace ce ba."

"Su ba su sani ba, shi ya sa suka ruhe mana duka. Ɗiyata ta kwana tana tsotsar leda wadda babu komai ciki. Ki tahi ki karanta mata littahinki."

Mufida ta buɗe baki za ta ce ba littafi ba ne tukuna, babi ne. Na ga maganar ta taso mata. Na taka mata ƙafa da ƙarfi.

Matan ba su kai sunan Fati wajen ma'aikata ba. Ba sa yin haka. Amma fushin sai da ya sauka a wani wuri, kuma a kan Fati ya sauka, don ita ta kwashi maganar kango ta ba 'yar boko. Suka fitar mata da tabarma da tukunya. Na aika a ce ta zo zaurena, ta ce ba ta shiga gidan da Mufida take kwana. Ta koma gindin katangar tasha, inda masu kabu-kabu ke ajiye babura, da yaro a baya da yaro a cinya.

Hassan ya jure. Hussaini ne ya fara zawo, sannan ƙafafunsa suka fara kumbura. Mufida ta sayi madarar gwangwani ta kai. Fati ta karɓa ba tare da ta ɗago kai ba. Yaron ya sha ya amayar.

Muka tafi ofishin Malam Badaruddeen, ni da ita, don ban yarda in bar ta ta je ita kaɗai ba. Ya ba mu kujera, ya rufe ƙofa.

"Malama Mufida, kin san da kin same ni a gefe kin faɗa mini, da na san yadda zan yi? A gaban manyana kika faɗa. Yanzu magana ta hau sama, ba ni da iko da ita."

"Amma abin da ka faɗa ba gaskiya ba ne."

"Na ji. To ga shi gaskiya ta fito, yara suna kwana da yunwa." Ya murza goshi. "Hanya biyu ce. Ki ba ni sunan matar, a soke katinta nan da can, a saki na sauran. Ko kuma ki janye maganar a bainar jama'a kamar yadda kika yi ta, ki ce babu wannan matar, in tura musu, in rufe fayil."

"In ban yi ko ɗaya ba fa?"

"Tantancewa. Gida-gida, yaro-yaro, nan da can. Sai an turo mutane daga hedikwata. Ban san ranar zuwansu ba."

"Kai ka san ko wace ce," na ce masa. "Kana wucewa ta tasha."

Ya dube ni. "Hajiya, ban san komai ba sai abin da aka faɗa mini a hukumance. Ki bar ni a haka, ya fi wa kowa."

A waje Mufida ta kira malaminta, ta sa wayar a fili ina ji. Dakta Shawulu ya saurara har ta gama. Ya ce, "Sunan ba naki ba ne da za ki bayar. Wannan a rufe yake."

"To in janye?"

Ya ce, "In kika tsaya gaban jama'a kika ce kin ƙirƙiri labari, ba zan iya sa hannu a babin nan ba. Kuma ba babin kaɗai ba, duk abin da kika tara a kangon nan za a yi masa kallon zargi. Maganar za ta bi ki wajen neman aiki."

"Amma gaskiya ce, Dakta."

"Na sani. Ni na karanta babin, ban ga abin da tagwayen za su jawo ba. Ba zan ce miki ki yi ƙarya ba. Yaya yaron yake?"

Ta kashe wayar.

Ta ɓata kwanaki tana neman hanya ta uku. Ta tura saƙo hedikwatar ƙungiyar tana bayanin na'ura, suka amsa cewa suna dubawa. Ta je wajen mai unguwa, ya ce shi ba ya shiga tsakanin ƙungiya da na'urarta. Ta zauna tana tsara yadda za ta faɗi maganar da ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba, tana karanta mini. Wai za ta ce labarin misali ne. Wai za ta ce ba a fahimce ta ba.

"Badaruddeen ya ce ki ce babu matar," na ce. "Duk wannan kwana-kwanar ba ta rufe fayil."

"Gwaggo, ban taɓa faɗin abin da na san ba haka yake ba."

"Na sani, ni na raine ki. Je ki tasha ki duba ƙafar yaron, ki dawo ki faɗa mini wannan maganar."

Ta tafi. Ta daɗe. Da ta dawo ta shiga ɗaki ta ɗauko hijabin da ta sa ranar taro, ta goge shi.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Matan kango sun zo, masu kabu-kabu sun zo kallo, Malam Badaruddeen ya ɗaga waya yana ɗauka don ya tura wa manyansa. Daga inda muke tsaye ana hango katangar tasha. Fati tana can zaune, da ɗaya a baya da ɗaya a cinya, a fili, kowa yana ganinta. Babu wanda ya juya wajen.

Mufida ta ce maganar da ta yi a taro ba ta da tushe. Ta ce ta haɗa guntayen hirarraki ne ta yi labari ɗaya da su don ta burge baƙi.

Malam Badaruddeen ya ce, "Don a ji da kyau. Babu wata mata mai tagwaye da ta tsallaka boda ta rubuta ɗanta?"

"Babu."

Da ya tsaya nan da an gama. Amma mutum ne da aka kunyata a gaban manyansa, yana so a wanke shi tas. Sai ya ƙara, "Wato na'urarmu ba ta taɓa ƙin wani yaro da ya cancanta ba."

Wannan ita ce maganar da ta tayar da ita tun farko, kusan kalma da kalma. Na ga ƙafarta ta fara motsin nan. Ban kama hijabinta ba, don na san ba ya riƙe ta. Bilki ta zuba mata ido. Wani mai kabu-kabu ya kashe babur ɗinsa. Mufida ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi ƙasa, ta dubi wayar.

"Haka ne," ta ce.

Wani daga baya ya ce, "Ashe 'yan boko ma suna shara ta!" Aka yi dariya. Ta tsaya har aka gama dariyar, sannan ta juya muka tafi gida. A hanya ta tsaya gindin wata bishiya ta yi amai.

A makon da ya biyo aka buɗe rumfa, nan da can. Matan kango suka karɓi rabonsu, aka saki katin Hassan. Hussaini kuwa ya riga ya wuce abin leda, sai da aka kwantar da shi asibiti a Katsina. Mufida ce ta yi jinyar tare da uwar, suna kwana ɗaki ɗaya ba sa magana sai ta ruwan zafi da magani. Yaron ya tashi.

Amma abin bai koma yadda yake ba. Dabarar Fati tana tsaye ne a kan Bilki, mai riƙe Hassan ranar tsallakawa, Bilki kuwa ta ce ta gama. Babu mai iya bin gonakin nan da yara biyu duk mako. Da aka sallame su Fati ta ɗaure kayanta ta koma wajen innarta gaba ɗaya. A can Hussaini ne mai kati, Hassan babu. Direbobin hanyar sun ce suna ganinta ranar kasuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli, yaran duk biyun suna tafiya da ƙafarsu. Ba ta aiko wa Mufida da gaisuwa ba, ni ma ban ga dalilin da za ta aiko ba. Na'urar kuwa, wasu sun ce an gyara, wasu sun ce ba a gyara ba.

Mufida ta rasa babin, da duk abin da ta tara a kangon. 'Yan ajinsu sun gama sun sa rigar yaye, ita tana nan. Hoton da Malam Badaruddeen ya ɗauka ya zaga wayoyin gari, har yau akwai masu ce mata mai ƙaryar tagwaye. Halinta bai canza ba. Jiya ma ta gyara wa mai kayan miya sunan ƙauyen da ya ce tattasansa ya fito. Amma in aka ce mata mai ƙaryar tagwaye, ba ta gyarawa. Wannan kaɗai na taɓa ganin ta bari ya wuce.

Dakta Shawulu ya roƙa mata ƙarin lokaci, ta sake binciken daga farko, wannan karon a kan matan da ke dakon kaya a bakin boda da yadda suke ji da ƙungiyoyin da ke koya musu sana'a. Da yawa sun ƙi yi mata magana. Wasu sun yarda. Da ta rubuta kashin farko, kafin ta tura Zariya, sai ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gidana, ta dama fura, ta aika a kira matan unguwa. Sun zo, rabinsu don furar. Bilki ma ta zo, ta zauna can bakin ƙofa, ta ce ita wucewa take.

Mufida ta zauna a tsakiyarsu da takardunta a cinya. Ta ce za ta karanta musu abin da ta rubuta, da Hausa, daga farko har ƙarshe, kuma duk abin da za ta rubuta nan gaba haka za ta yi kafin wani ya gani.

"Abu ɗaya nake roƙonku," ta ce. "Ni ba na ganewa, ku kuna ganewa. In na karanta labarin wata kuka san ko wace ce, kada ku faɗi sunanta, kada ku dube ta. Ku ɗaga mini hannu kawai, in cire shi, ko da shi ne mafi kyau a ciki. In kuma na fara gardama cewa ba za a gane ba, don Allah kada ku saurare ni. Ku bar hannun a sama."